Zoɓo, Kunun Aya da Lemon Kwalba: Wa Ke Kula da Abin Sha a Gidan Biki?

Idan dangi suka zauna lissafin biki, akwai abubuwan da ba a mantawa da su. Za a yi maganar anko, a yi ta kuɗin zauren taro, a yi ta mai kwalliya da mai hoto da mai kiɗa, a ja daga a kan buhun shinkafa nawa za a dafa da kaji nawa za a soya. Abin sha kuwa sai an kusa tashi wata gwaggo za ta ce, "Af, lemo fa?" Sai a ce wane zai kawo kiret kaza, wance kuma ta iya zoɓo, a shafa fatiha a watse. Ba mai sake tuna shi sai ranar wuni, rana ta take, mata sun cika gida, yara na kukan ƙishirwa, a buɗe kula a tarar ƙanƙara ta narke tun da hantsi.

Sakacin nan yana da dalili. Mu ba mu da fitinar da wasu al'ummomi ke fama da ita a wajen liyafa, ta wanda zai sha ya yi tatul ya ɓata taro. Ba a kawo giya bikin Bahaushe Musulmi. Addini ya hana, al'ada ta ƙi, a jihohin da suka fara aiki da shari'a daga shekarar 2000 kuma doka ta ƙara nata. Sai muka ɗauka magana ta ƙare, tunda halal ne ai lafiya lau. Alhali a duk abin da ake rabawa a gidan biki babu wanda ya kai abin sha saurin lalacewa, kuma babu wanda ya kai shi shiga bakin mutane da yawa. Wani zai ƙi cin shinkafa don ya ƙoshi, wata za ta ƙulle namanta a leda ta tafi da shi gida. Ruwa da zoɓo kuwa kowa sai ya sha, daga yaro ɗan shekara biyu har kakar amarya.

Mu fara da zoɓo, tunda shi ne sarkin abin shan gida. Daga jikin yakuwa yake fitowa: bayan fure ya kaɗe, sai jan kofin nan mai kauri da ke rungume da gurguzu ya girma, shi ake ɓarewa a shanya. Jigawa na kan gaba cikin jihohin da ke noma shi, kuma daga kasuwanni irin ta Maigatari ake loda buhunansa zuwa Legas a fitar da shi waje, musamman Meziko, wadda ta daɗe cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, suna kuma fitar da shi a bukukuwan aurensu da alfahari. Mutanen Senegal da Nijar na shan sa, haka ma zangunan Ghana. Mu da muke noma shi mu ne muke ture shi bayan gida idan manyan baƙi sun zo.

Allah ya yi wa zoɓo garkuwa tun daga gona, ita ce tsaminsa. Masana na auna tsami da wani ma'auni da ke tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa mai kyau yana kan 7, duk abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne, wanda ya haura kuma ya karkata ga ɓangaren kanwa da toka. Zoɓon da aka tafasa ba a ƙara masa komai ba yana wajen 3, wani lokaci ma ƙasa. Mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke kawo amai da gudawa ba sa iya hayayyafa sosai da zarar ma'aunin ya sauka ƙasa da 4 da rabi. Shi ya sa zoɓo ya fi sauran kayan shan gida juriya. To amma me muke yi masa? Sai a ɗauko kanwa a jefa don a kashe tsami a rage sukarin da za a zuba. Duk wadda ta taɓa yi ta ga abin da ke faruwa a tukunya: ya ɗan yi kumfa, jan nan mai haske ya koma baƙi-baƙi. Sinadarin da ke ba zoɓo launi ja yake zama a cikin tsami, ya rine idan tsamin ya ragu. Canjin launin alama ce cewa an sassauta garkuwar. Ban ce a daina sa kanwa ba, kowa da hannunta a girki. Amma zoɓon da aka kashe wa tsami ba zoɓon da za a bari ya wuni a rana ba ne.

Ko da tsamin yana nan daram, akwai abin da ba ya tsoronsa, shi ne yis. Irin wanda masu burodi ke sawa a ƙulli ne, sai dai wannan ba a saye shi a shago, yana nan a iska, a ɓawon 'ya'yan itace, a jikin bokitin da ba a wanke da kyau ba. Abincinsa sukari. Idan ya ci, abu biyu yake fitarwa: iskar gas da sinadarin da ke sa maye. Gorar zoɓon da ta kumbura ta yi tauri, wadda idan an murɗa murfinta sai ta yi "fus" ta taso da kumfa, ta kuma riƙa tsinken harshe, aikin yis ne. Hanyar giya ke nan aka kama, ko da ba a kai ƙarshenta ba. Ɓawon abarba da ake sa wa zoɓo don ƙamshi yana ɗauke da yis mai yawa. A Meziko ma da shi suke tsima wani abin sha na musamman. Wadda ta san aikinta tare da zoɓon take tafasa ɓawon, da citta da kanumfari, ba ta jefa shi ɗanye bayan an sauke. Sukari kuma sai an kusa rabawa ake zuba shi, domin zoɓon da ba sukari ba shi da abin da yis zai ci sosai.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a wajen Musulmi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya barin jiƙon ya wuce yammacin kwana na uku. Hukuncin abin da ya fara tsimuwa na malamai ne, ni dai abin da zan iya cewa shi ne dawar da ake kunun zaƙi da ita, da ita ake burkutu. Abin da ya raba su shi ne yadda aka sarrafa ta da tsawon lokacin da aka bar yis yana aiki.

Kunun aya kuwa nasa ya fi tsanani, kuma a kansa nake so mu daɗe. A 'yan shekarun nan ya zama ɗan gaban goshin biki, da kamu da wuni da walima duk sai an gan shi, kuma ya cancanta. Aya da dabino da kwakwa, a niƙa a tace, ya fito fari tas da garɗi, ba ya ma bukatar sukari idan dabinon ya ji. Mutanen Balensiya a ƙasar Sifaniya suna da irinsa, har sukan sayi aya daga Nijar da maƙwabtanta don tasu ba ta isar su. Sai dai su wanda aka yi sabo ba a dafa ba a cikin sanyi mai kusa da daskarewa suke ajiye shi, kuma a cikin kwana biyu zuwa uku ake shanye shi. Dalili a fili yake. Kunun aya ba shi da tsamin da zai kare shi, yana kusa da 7 a ma'aunin nan. Yana da sitaci, yana da maiƙo, yana da zaƙi, wato duk abin da ƙwayar cuta ke nema. Sannan ba ya ganin wuta ko kaɗan. Aya kuma a cikin ƙasa take girma, da ƙasarta ake haƙo ta.

Dubi yadda ake yin sa a gidaje da yawa. A jiƙa aya tun la'asar ɗin jajiberi. Bayan isha'i a ɗora wa yaro bokiti ya kai markaɗe, inda mai inji ya gama niƙa wa wata wake, wata tattasai, ya ɗan watsa ruwa a bakin injin ya ce an wanke. A dawo da shi, 'yan mata huɗu su zauna a tsakar gida suna matsewa da hannu a cikin ƙyallen tata, ana hira, ana danna waya, ana goge zufa. Kafin asuba an ɗura a gorori an jera a firji. Ƙarfe biyu na dare an ɗauke wuta, kuma ba wanda ya tashi ya tayar da janareta. Da hantsi a kwashe a zuba a kula da guntuwar ƙanƙara. Baƙi ba za su fara sha ba sai bayan azahar, wasu sai magariba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗi cewa tsakanin zafin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a abinci, kuma kada a bar dafaffen abinci fiye da awa 2 a zafin ɗaki. Zafin ɗaki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ba wasa ba ne, a waje yakan kai digiri 40. A irin wannan yanayi wasu ƙwayoyin kan rabu gida biyu duk minti 20. Yi lissafin da kanka: guda ɗaya ta zama fiye da 4,000 cikin awa 4, ta haura 260,000 cikin awa 6. Kuma ba da guda ɗaya ake farawa ba. Abin da ya fi ban tsoro, ba lallai ɗanɗano ya canza ba. Kunun da ya yi tsami ko ya yi yauƙi kowa zai tofar, shi ya tona asirin kansa. Wanda ke kwantar da mutane sau da yawa yana nan da daɗinsa. Washegari sai ka ji ana cewa cikin wance ya ɓaci, na yaran wane ma haka, a ɗora laifin a kan maiƙon shinkafa ko a ce baki ne.

Gyaran ba shi da wuya, tsari kawai yake so. A wanke aya sau da yawa, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, a watsa mata tafasasshen ruwa kafin a niƙa. A je wa mai inji da ruwan gida, a tsaya a kansa ya wanke, ko a yi amfani da na'urar niƙa ta gida a yi kashi-kashi. Ruwan tata ya zama wanda aka tafasa ya huce. A yi shi da safiyar ranar, ba da daren jajiberi ba. Kuma a fito da shi da wuri a fara raba shi, a bar zoɓo ya biyo baya tunda shi ya fi haƙuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɓoye kunun aya a ce na manyan baƙi ne, sai sun iso. Manyan baƙi kuwa kowa ya san ba sa zuwa da wuri. Fura da nono ma layinsu ɗaya da shi, da ƙarin sharaɗin cewa madarar da aka yi kindirmon da ita an dafa ta, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtukan.

Duk wannan ya dawo da mu kan ƙanƙara, wadda kusan kullum ake saya ƙasa da bukata. Akwai lissafi mai sauƙi. Zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke zuƙewa kafin ta narke daidai yake da wanda za a cire wa lita ɗaya ta ruwa a saukar da ita da digiri 80. Saboda haka idan kana da lita 100 ta abin sha da ke kan digiri 35, kana son ta sauka zuwa 5, kana bukatar kusan kilo 38. Wannan na sanyayawa ne kawai, ba a sa zafin kwalaben da na duro ba, ba a sa wadda rana za ta cinye ba, ba a sa hannayen da za su riƙa buɗe murfi duk minti biyar ba. A ganina wanda ya ninka wannan adadi biyu bai yi almubazzaranci ba. Kuma jifa babban dutsen ƙanƙara a saman kwalabe ba ya aiki, na kusa da shi ne kawai za su yi sanyi. A farfasa ta, a zuba ruwa har ya rufe wuyan kwalaben, domin ruwan sanyi ya fi iska saurin janye zafi nesa ba kusa ba. Masu sayar da lemo a tasha sukan watsa gishiri a kai, su rufe da buhun algarara. Gishirin na sa ruwan ya sauka ƙasa da sifili bai daskare ba. A ajiye duron a inuwa, ba a bakin ƙofa inda rana ke duka ba.

Ƙanƙarar sanyaya kwalba daban, ta sakawa a cikin abin sha daban. Mutane da yawa na zaton daskarewa na kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta kashe su duka, da yawansu kwanciya kawai suke yi, ƙanƙara na narkewa su farka. Wanda ya tafasa zoɓonsa tsaf, sannan ya fasa ƙanƙarar kasuwa da bai san da wane ruwa aka yi ta ba, wadda aka ja a ƙasa aka ɗora a baro, ya jefa a ciki, ya rushe aikinsa da hannunsa. Idan ana son zoɓo ya yi sanyi a cikin bokiti, a daskarar da wani kaso na zoɓon kansa a jefa, ko a sa ƙullin ruwan leda daskararre bayan an wanke bayansa. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A shekarar 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kwalara ta ruwa take bi, kuma damina, lokacin da rijiyoyi ke haɗuwa da kwata, ba ta hana mu biki.

Sai gorori. Mun san inda da yawansu ke fitowa: yara ne ke tsinto su a bola da kwata da bakin asibiti, a ƙulla su a buhu a sayar. Ɗauraya da ruwa ɗaya ba wanki ba ne. Yanzu ana sayar da sababbin gorori da murfinsu a kasuwa, kuma idan aka auna kuɗinsu da na anko ɗaya, abin kunya ne a ce an gaza. Wanda ba shi da hali ya yi amfani da jug da kofuna masu tsabta, ya fi gorar da ba a san tarihinta ba. Sai dai kada a bar moɗa ɗaya a cikin bokiti kowa na tsoma hannu.

Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba. Mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da jiri da fitsarin jini, daga ƙananan hukumomi daban-daban. Bincike ya kai ga kayan haɗa lemo na gari waɗanda wa'adinsu ya ƙare, da kuma wani farin gari da ake sayarwa da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa abin da aka sayar ɗin ba ɗan tsamin abinci ba ne, wani sinadari ne mai guba. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, ɗaruruwa sun kwanta, wasu har ya taɓa musu ƙoda. Masu haɗa irin wannan lemo galibi ba mugaye ba ne, masu neman na kansu ne, sukan sayi kaya a ƙulle a leda ba suna ba kwanan wata, don ya fi araha. A gidan biki, inda ake haɗa duro guda, jarabar sayen irin wannan ta fi ƙarfi. Filebo da kala da ɗan tsamin da aka auno daga buhun da ba rubutu, a bar su a kasuwa. Ga tsamiya, ga lemon tsami, ga citta. Lamurjen da kakanninmu suka sha ba shi da filebo, kuma har yau ba a fi shi ba.

Wani zai ce to a huta da wahala, a sayi na kamfani. Ta fuskar ƙwayoyin cuta gaskiya ne, lemon da ke rufe daga kamfani mai rajista ya fi aminci, muddin an duba kwanan watan da ke jikinsa kuma ba a jibge shi a rana mako guda ba. Amma shi ma da nasa. A wajen dina, inda ake zama tebur-tebur, akwai jan haɗin nan mai suna Chapman da ake kawowa a babban kofi da yankan kokwamba da lemo. A girkinsa na asali, bayan Fanta da Sprite da jan sirof, ana ɗiga wani abu mai ɗaci da ake kira Angostura, wanda ake yi a tsibirin Tirinidad. Kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke kwalbar nan barasa ce, a jikinta ma an rubuta. Ɗigo kaɗan ake sawa, ba zai bugar da kowa ba, kuma masu haɗawa da yawa a Arewa ba sa sa shi sam. Amma mai biki yana da haƙƙin ya tambayi mai abincin da ya ɗauka, "Me da me kuke sawa a ciki?" Haka nan dogayen kwalaben nan masu toshiya da ake jerawa a teburin ango da amarya. Iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, bai taɓa tsimuwa ba. Akwai kuma wanda giya ce aka yi sannan aka cire mata barasa, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun yarda a bar har rabin kashi ɗaya cikin 100 a ciki. Karanta takardar jikin kwalba ba ya cin minti ɗaya.

Babbar matsalar na kamfani kuwa sukari ce. Mafi yawan lemon kwalba na ɗauke da kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Robar rabin lita ke nan tana da wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, wanda ga babban mutum wajen giram 50 ɗin ne, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini, ga kek da cincin da alkaki da nakiya na jira. Su Maltina da Malta Guinness, waɗanda ake ware wa dattawa a matsayin girmamawa, su ma ba baya ba ne wajen zaƙi. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta irin waɗannan kayan sha a Dokar Kuɗi ta 2021, amma ban ga bikin da aka rage kiret saboda shi ba.

A kowane biki akwai Hajiya mai ciwon suga da Baba mai hawan jini, kuma su ne ake fara miƙa wa kwalba. Kunya ba za ta bar su su ce a'a ba. Me zai hana a ware jug ɗaya na zoɓo marar sukari, da citta da kanumfari kawai, a faɗa a fili cewa ga shi nan? Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa masu ɗan hawan jini da suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Kofi ɗaya a gidan biki ba magani ba ne, kuma mai shan ƙwayar asibiti kada ya ajiye ta saboda zoɓo. Amma ko ba komai ba a ƙara masa ciwo ba.

Nan ne nake da ja da 'yan'uwana masu shirya biki. Mun raba abin sha aji-aji: na gwangwani da na kwali ga teburin manya, na kwalba ga tsaka-tsaki, zoɓo a leda ga yara da maƙwabta. Na gida ya zama alamar rashi. Amma ka zuba zoɓo mai sanyi a tulun gilashi, ka yanka abarba a kai, ka ga yadda masu manyan riguna ke miƙo kofi a ƙara musu. Ya fi araha, kuɗin kuma na komawa ga manomin Jigawa da matar unguwa mai sana'a. Idan bikin ya faɗo a hunturu ma ba a bukatar ƙanƙara da yawa: kunun gyaɗa da kunun tsamiya da shayi mai na'a-na'a a manyan filas sun wadatar, kuma abin da aka ajiye da zafinsa sama da digiri 60 ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa a cikinsa.

Ruwa dai shi ne kan gaba, shi kuma ya fi saurin ƙarewa. Kati 300 aka raba, amma biki na farar kaza ne, balbela ba ta jiran gayya. Jakar fiya wata ƙulli 20 ce, kowanne rabin lita. Ko ƙulli bibbiyu ka ba mutum 300, jaka 30 ke nan, kuma a bazara biyu ba ta isar wanda ya wuni. A duba lambar NAFDAC a jikin leda, a saya daga masu ruwan da aka sani. Na sha ganin bikin da lemo ya yi saura amma ruwa ya yanke tun la'asar, ana ba yara lemo mai gas don kashe ƙishirwa, ƙishirwar kuma na ƙaruwa.

Kira na ga uwar biki shi ne, kamar yadda ake ɗora wa wata tukunya a ɗora wa wata kayan ɗaki, a ɗora wa mutum ɗaya abin sha tun ranar da aka sa rana. Ta san wa ya haɗa me, da wane ruwa, da ƙarfe nawa. A ba ta kuɗin ƙanƙara daban, kada a ce sai abin da ya rage. A kuma ba ta ikon da ya fi kowanne wuya a gidan Bahaushe: idan kunu ya kwana ba wuta, ta zubar, ba mai ce mata, "Haba Yaya, asara fa!" Kai kuma baƙo, idan aka miƙo maka gora ka ji ta kumbura ko ta yi ɗumi, ajiye ta ka nemi ruwa, sannan ka ja ɗaya daga masu gida gefe ka gaya masa kafin sauran su kai hannun yara.